ZARE: Kafin ka ɗauki hoto da shebur, ka ji labarin bishiyar Wollemi 🧵

1/
Damina ta kankama, shafukanmu sun fara cika da hotunan dashen itatuwa. Shebur sabo fil, riga iri ɗaya, murmushi har kunne: "Mun dasa dubu kaza." Ni tambaya ɗaya gare ni: wa ya duba ƙasar kafin a haƙa ramin? Zaren nan dogo ne, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba.

2/
Ni ɗalibin ilimin tsirrai ne, aji uku a jami'a. Eh, kwas ɗin nan da kuke cewa na waɗanda suka rasa gurbin likitanci ne. Mun ji. Ku dai ba ni minti goma in ba ku labarin bishiya guda ɗaya, sannan ku faɗa min ko raya itace aikin shebur da kyamara ne kawai.

3/
Sunanta Wollemi, a kimiyyance Wollemia nobilis. A ƙasar Ostireliya take, cikin wani kwazazzabo mai zurfi a gandun dajin Wollemi, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da birnin Sidni. Manyan da suka rage a daji ba su kai 100 ba. A duk duniya fa, ba a jiha ɗaya ba.

4/
Kafin 1994 babu masanin da ya san tana raye. Irinta sai a cikin duwatsu ake gani: burbushin ganye da ƙurar barbara da suka daskare. Wasu daga cikin burbushin nan sun kai shekara miliyan 90. An same su a Ostireliya, da Niyu Zilan, har da yankin ƙanƙara na Antatika.

5/
A watan Satumba na 1994 wani ma'aikacin gandun daji, David Noble, ya sauka kwazazzabon da igiya. Ya ga wasu dogayen itatuwa da bai gane ba, ɓawonsu kamar kumfa ta taso ta daskare. Ya ɗebo reshe ya kai wa masana. A 1995 aka ba ta suna a hukumance, aka saka sunansa a ciki.

6/
Irin wannan tsiro mukan kira shi "ragowa". Ma'ana a da can ya mamaye ƙasa mai faɗi, sai yanayi ya sauya, aka yi ta matse shi har ya koma ɗan lungu guda. Ostireliya ta ƙara bushewa, gobarar daji ta yawaita, itatuwa masu jure wuta suka karɓe fili. Wollemi ta maƙale a ƙasan kwari.

7/
To ga inda rigimata take. Da yau za a ba mutanenmu na dashen hoto wannan bishiyar a ce su cece ta, na san abin da za su yi. Baƙar ƙasa, takin shanu, ɗan toka, a zuba cikin leda, a ajiye a inuwa tunda a inuwa aka same ta. Da niyya mai kyau, wallahi. Kuma da sun cuce ta ta fuska biyu.

8/
Mu fara da ƙasa. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, kamar ruwa zalla. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, ruwan lemun tsami yana wajen 2. Sama da 7 ɓangaren kanwa da toka ne. Yawancin amfanin gona sun fi sakewa tsakanin 6 da 7.

9/
Ƙasar da Wollemi take tsirowa a daji tana wajen 4.3. Daga dutsen yashi ta samo asali, tsami gare ta sosai, abincin tsiro kaɗan ne a cikinta. A irin wannan tsamin alminiyom yana narkewa ya hana saiwar tsirrai da yawa miƙewa, fosfaros kuma, wato P ɗin nan na takin NPK, yana kullewa.

10/
Duk manomin da ka nuna wa wannan ƙasar zai ce a gyara ta. Kuma da masara za a shuka, gaskiyarsa. Amma masana ba su yi gaggawar gyara ba. Sun tsaya sun yi tambaya: shin bishiyar nan son ƙasar take yi, ko dole ce ta zaunar da ita?

11/
Tambayar tana da muhimmanci domin ba ƙasa ce kaɗai matsala a kwarin ba, akwai duhu. Hasken da ke isa wurin ƙananan tsirran Wollemi kimanin kashi 3 cikin 100 ne na cikakken hasken rana. Kashi uku. Ganuwar dutse ta tare wani, sauran kuma maƙwabta sun shanye.

12/
Maƙwabtan su ne itatuwan kurmi masu faɗin ganye, irin su Ceratopetalum apetalum da Doryphora sassafras. Su ma sun iya zama a ƙasar nan mai tsami. Suna yin rumfa mai kauri. Babbar Wollemi takan kai mita 40, ta zarce rumfar ta sha rana. 'Ya'yanta kuwa suna can ƙasa cikin duhu.

13/
Wannan ita ce gasar tsirrai. Ba hayaniya, ba jini, amma ana kashe juna. Wanda ya riga miƙewa ya tare haske, wanda saiwarsa ta riga bazuwa ya kwashe ruwa da abinci. Ɗan tsiron Wollemi zai iya shekara da shekaru a duhun nan bai wuce gwiwar mutum ba, yana jiran wata babba ta faɗi haske ya shigo.

14/
A 2014 Catherine Offord da abokan aikinta biyu suka wallafa gwajin da suka yi a ɗakin gilashi na renon tsirrai. Sun raini 'ya'yan Wollemi a ƙasa iri biyu: mai pH 4.5 da mai 6.5. Kowace kuma a haske mataki uku: kashi 5, kashi 15, da kashi 50 na hasken rana.

15/
Kada ku raina tazarar 4.5 da 6.5, ku ce ai biyu ce kawai. A wannan ma'aunin duk mataki ɗaya ninki goma ne. Wato ƙasa ta farko ta fi ta biyu tsami sau ɗari. Ta biyun ita ce wadda malamin gona zai sa wa hannu ya ce ta yi.

16/
Sakamako: tsirran sun fi girma a ƙasa mai tsami, ko a wane irin haske. Sinadarin da ke sa ganye kore ma ya fi yawa a can. Kuma duk sanda aka ƙara haske, girma ya ƙaru. Mafi tsawo da kauri su ne waɗanda suka samu tsami 4.5 haɗe da haske kashi 50.

17/
Ku karanta wancan da kyau. Abu biyu aka tarar da ita a ciki a daji: tsami da duhu. Gwaji ya nuna tsamin nata ne, da shi ta saba, shi take so. Duhun kuwa haƙuri take da shi, maƙwabta ne suka ɗora mata. Da ido kawai ba za ka taɓa bambance su ba. Duka biyun a wuri ɗaya ka gan su.

18/
Yanzu ku koma kan ledar nan ta mutanenmu. Toka tana kashe tsami, takin shanu ma yakan rage shi. Sun cire abin da take so. Sannan suka ajiye ta a inuwa, sun dawo mata da abin da ke danne ta. Garin neman gira an rasa ido, kuma an ɗau hoto an samu yabo.

19/
Akwai wani abu mai ban sha'awa a gwajin. Tsirran da ke ƙasa mai tsami da haske matsakaici, kashi 15, su suka fi fitar da ganga da yawa daga gindi. Masanan suna ganin dabara ce: in haske ya wadata ta miƙe sama, in ya yi ƙaranci ta yawaita tohon gindi ta jira.

20/
Haka take a daji ma. Bishiya ɗaya za ka ga ta fito da ganga da yawa daga tushe guda. Tsohuwar ganga ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta, gindin yana nan. Da wannan ta daɗe tana riƙe wurinta duk da cewa 'ya'yanta kaɗan ne ke kaiwa girma.

21/
Na san wani zai ce: "To ai sauƙi, a sare maƙwabtan ta samu rana." Malam, sannu da gaggawa. Mafi yawan hasken da aka gwada kashi 50 ne, ba 100 ba. Kada ka ɗora wa bincike abin da bai faɗa ba. Sannan danshi da sanyin kwarin nan su ne katangarta.

22/
Katanga daga me? Daga wuta. A saman tsaunukan da ke kewaye da kwarin, itatuwan turare ne, irin wanda aka kawo mana nan ake shukawa a bakin titi. Asalinsu can ne. Ganyensu mai ne da shi, suna ci da wuta, kuma bayan gobara su sake tohowa abinsu kamar ba a yi ba.

23/
Kun ga matsin da take ciki. Ta hau sama, wuta da fari da turare. Ta zauna ƙasa, duhun masu faɗin ganye. Ɗan tsakanin nan shi ne duk duniyarta. Wanda bai fahimci wannan ba, duk taimakon da zai kawo caca ce da ran bishiyar da ba ta kai 100 ba.

24/
Kuma ƙasa ba sinadari ba ce kawai, akwai masu rai a cikinta. A 2005 aka gano wata cuta mai suna Phytophthora cinnamomi a ɗaya daga cikin wuraren da Wollemi take. A ƙasa da ruwa take yawo, tana ruɓar da saiwa. Ana kyautata zaton a takalman masu shiga ba izini ta iso.

25/
Ku tsaya a nan. Bishiyar da ta wuce miliyoyin shekaru na sauyin yanayi, laka a ƙasan takalmin ɗan yawon buɗe ido ta zame mata barazana. Mutumin ba da gatari ya je ba. Wataƙila ma sonta ne ya kai shi. Son da ba sani a cikinsa kenan.

26/
Abin ya fi muni saboda da aka binciki ƙwayoyin gadonsu, sai aka ga itatuwan kusan iri ɗaya ne sak, bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne ƙwarai. In cuta ta iya da ɗaya, da wuya a samu wata mai garkuwa ta daban da za ta tsira ta ci gaba da iri.

27/
Shi ya sa har yau gwamnati ta ɓoye ainihin wurin. 'Yan tsirarun da aka yarda su shiga sai sun wanke takalma da kayan aiki da maganin kashe cuta. Ku kwatanta da ɗabi'armu: mu ga wuri mai kyau, mu saka hoto, mu saka taswira, mu ce kowa ya zo.

28/
A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 gobarar Gospers Mountain ta cinye fiye da hekta 500,000, ta doshi kwarin. Jiragen sama suka zuba sinadarin rage wuta, aka sauke 'yan kwana-kwana da igiya daga jirgi mai saukar ungulu, suka shimfiɗa bututun ban ruwa don ƙasar ta jiƙe. Mafi yawan manyan suka tsira.

29/
Ba sa'a ba ce ta sa suka san inda za su sa bututu. Shekara 25 wasu mutane suka yi suna ƙirga itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, suna auna ƙasa, suna bin kowane ɗan tsiro. Aikin da ba ya kawo mabiya. Irin aikin da a nan ake tambayar mai yinsa, "wai me za ka ci da shi?"

30/
Wani kuma zai ce ai tun 2006 ana sayar da Wollemi a tukunya a ƙasashe da dama, ta tsira kenan. An yi haka ne don a rage kwaɗayin sata a kuma samu kuɗin kula da ita, kuma dabara ce mai kyau. Amma itacen tukunya a baranda ba daji ba ne. Ranar da mai shi ya gaji da ban ruwa, shi ke nan.

31/
Tsira ta gaskiya ita ce iri ya faɗo, ya tsiro, ya girma, ya haifi wani ba tare da hannun mutum ba. Wannan kuwa sai ƙasa ta dace, haske ya isa, cuta ba ta shigo ba. Don haka ma da aka kafa wasu sababbin wurare na ajiya a ɓoye, sai da aka tantance wurin kafin a dasa.

32/
"To mu ina ruwanmu da bishiyar Ostireliya?" Da ruwanmu. Mu ma muna da ragowa. A tsaunukan Ayar na jihar Agadas a Nijar, irin su Bagzan, akwai zaitun daji, Olea europaea laperrinei, saura daga zamanin da Sahara take da danshi. Ana samunsa kuma a Hoggar ta Aljeriya da Jabal Marra ta Sudan.

33/
A can saman duwatsu ya maƙale, inda ɗan sanyi da ruwa suka rage. Masu bincike a Ayar sun lura da wuya a ga sabon tsiro daga iri, ta tohon gindi yake riƙe ransa, dabbobi kuma suna cin abin da ya fito. Labarin Wollemi kenan da wata riga. Mu nawa a nan muka taɓa jin sunansa?

34/
Abin da ya fi ba ni haushi, ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Tambayi kakanka me ya sa yake barin gawo a tsakiyar gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero haske, ganyen ya zama taki. Sannan tambaye shi ko zai bar darbejiya a wurin. Zai yi maka kallon mara hankali.

35/
Ya san jigawa, ya san fadama, ya san laka, ya san marmara, kuma ya san abin da kowace ke karɓa. Gasar haske da dacewar ƙasa kenan, ba da Turanci ba. Mu da muka shiga aji sai muka zubar da nasa, na littafin ma ba mu riƙe ba. Sai kwali mai rubutu da lambar ƙarya.

36/
A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma kula da tohon kututturen da ke gonakinsu: a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. An ƙiyasta haka ya farfaɗo da itatuwa a kusan hekta miliyan 5. Saiwar da ta riga ta san ƙasar suka yi aiki da ita, suka rage mata gasa.

37/
Kada wani ya juya maganata. Ban ce a daina dashe ba. Na san da yawanku neman lada kuke, sadaka mai gudana, Allah ya karɓa. Amma itacen da ya bushe kafin bazara bai ba kowa inuwa ba. In da gaske ladar ake nema, a yi abin yadda zai rayu.

38/
Kuma ban ce darbejiya da turare ba su da amfani ba. Darbejiya ta rufa wa garuruwanmu asiri da inuwa. Amma ku duba ƙarƙashin tsofaffin itatuwanmu na gida, ku ga yadda 'ya'yanta ke cika wurin, tsuntsaye da jemagu na kai irin. Cika ko'ina da iri ɗaya mai saurin girma shi ma danniya ne ga masu tafiya a hankali.

39/
Don haka duk wanda ya zo da hoton dashe, ku yi masa tambayoyin nan cikin ladabi. Wane iri ne, kuma me ya sa shi? Wace irin ƙasa ce a wurin? Me ke tsirowa a can tun farko, kuma me zai same shi? Wa zai ba da ruwa da rani? Wa zai tare awaki?

40/
Sai babbar tambayar: na bara guda nawa ne suke raye? Ba nawa aka dasa ba. A koma a watan Afrilu, rana tsaka, a ƙirga, a saka wannan hoton. Ƙungiyar da ta yi haka, ko 40 ne suka rayu cikin 500, ni zan fara yaɗa ta, domin ita ce za ta koyi wani abu.

41/
Ku kuma 'yan uwana ɗaliban tsirrai, da na kimiyyar ƙasa, da na gandun daji, ku daina sunkuyar da kai in an tambaye ku kwas. Takardar gwada pH ba ta da tsada. Ku bi ƙungiyoyin unguwarku ranar dashe, ku auna musu, ku faɗa musu gaskiya ko da za ta rage musu lamba.

42/
Wollemi tana raye yau saboda wasu sun tsaya sun tambayi me take so da me take jurewa kafin su taɓa ta. Zaitun Ayar da sauran namu da ba a ko rubuta ba suna buƙatar irin wannan tambayar. Mai ja da ni ya zo da hujja, ina nan. Mai zagi kuma ya fara gaya min pH ɗin ƙasar gidansu.